Dan Allah shawara: Kadpoly, Nuhu Bamalli ko Gidan Waya, kuma nawa zan tanada?

Maman Walid, Rigasa

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar makarantun gaba da sakandare a nan Kaduna. Ƙanina ne, tun rasuwar mahaifinmu a hannuna yake, bana ma ya sake zana JAMB ya samu 164, kuma ABU ya cike wai shi kwamfuta sayans yake so, to kowa dai ya san da wannan makin a wannan kos ɗin sai dai ya hango Samaru daga nesa. Maigidana ya ce shi kam ba za a ƙara zaman shekara guda ana jiran jami'a ba, yaro ya fara zaman majalisa da gidan kallon ƙwallo har tsakar dare, gara ya tafi foli ko kwalejin ilimi ya kama wani abu. Shi kuma yaron sai kumburi yake wai foli makarantar waɗanda suka rasa ce.

Abin da nake son sani, tunda ABU ya zaɓa tun farko zai iya komawa Kadpoly wato Kaduna Polytechnic ko folin Nuhu Bamalli ta Zariya da wannan JAMB ɗin ko sai baɗi? Sannan a WAEC lissafinsa D7 ne amma a NECO ya samu C5, ana haɗawa? Kuma nawa zan tanada gaba ɗaya dan ni ɗinki nake yi, adashi nake jira. Akwai kuma wani a layinmu da ya kawo mana fom na wata makaranta mai zaman kanta, ya ce difloma ce ba ruwansu da JAMB, sati ɗaya an ba shi admishon. Wallahi har na fara karkata can saboda sauƙin. Ku taimaka min da abin da kuka sani, Allah ya saka.

Abu Sadiq, Tudun Wada

Wa alaikumus salam. Hajiya Allah ya jiƙan mahaifinku, ya ba ki ladan riƙo. Ni a Kadpoly na yi ND da HND, wato ƙaramar difloma ta ƙasa da babbar, a ɓangaren lantarki, dan haka bari in faɗa miki yadda abin yake.

Ba sai baɗi ba. Ya je cibiyar CBT, wato wurin zana jarrabawa a kwamfuta, da JAMB ta amince da ita ko ofishin JAMB na jiha ya yi canjin makaranta, ya mayar da folin ta zama zaɓinsa na farko, dan yawancin makarantu ba sa kallon wanda ya sa su a na biyu. A 2025 mafi ƙarancin makin da aka tsayar wa foli da kwalejojin ilimi 100 ne, jami'a 150, kwalejin jinya 140. Amma kada wannan 100 ɗin ya ruɗe ku, ƙasa ce kawai aka shata, kowace makaranta tana ɗora nata a kai, kuma kos irin kwamfuta da Mass Comm da SLT na aikin ɗakin gwaje-gwaje cunkoso gare su sosai a Kadpoly, mai 164 yana da fata amma ya yi sauri kada a rufe fom ɗin tantancewa. WAEC da NECO kuma ana haɗawa, zama biyu ne iyaka, in dai Turanci da lissafi da fiziks sun fito da kiredit cikin darussa biyar ɗin da ake nema to ba shi da matsala a kwamfuta.

Tsarin kuwa haka yake, ND shekara 2 ce, a tsakiya akwai SIWES wato koyon aiki a ma'aikata na wata 4, in ya gama sai ya tafi IT wato aikin samun gogewa na shekara 1 cif, sannan ya dawo ya nemi HND wata shekara 2, daga nan bautar ƙasa kamar kowane mai digiri. Wato shekara 5 kenan in ba a yi yajin aiki ba. Wannan IT ɗin kada ya yi wasa da shi ya ce zai sayi takarda, tun 2024 hukumar bautar ƙasa NYSC ta matsa sai mai HND ya nuna shaidar ya yi shi kafin a karɓe shi a kam ɗin bautar ƙasa. Kuma ya dage tun samistar farko, maki a kan 4.00 ake lissafawa, 2.50 shi ne Lower Credit wanda da shi ake komawa HND bayan shekara 1, 3.00 Upper Credit, 3.50 Distinction. Mai Upper Credit in har jami'ar ce a ransa sai ya sayi fom ɗin DE wato Direct Entry ya shiga aji 2 kai tsaye, ABU ɗin da yake mafarki ma tana ɗaukar masu ND ta wannan hanyar. Ki gaya masa wannan, wataƙila kumburin ya sace.

Maganar foli ta waɗanda suka rasa ce kuwa, yaro ne bai sani ba. Makarantar nan tun 1956 take, da sunan Kaduna Technical Institute ta fara, 1968 ta zama Kaduna Polytechnic, gwamnatin tarayya ta karɓe ta a 1991, ta girmi ABU ɗin ma da aka buɗe a 1962. Injiniya da kimiyya suna babban kamfos a nan Tudun Wada, harkar kasuwanci da akanta suna Unguwar Rimi, su zanen gini da safiyo da tsara birane suna Barnawa. Ki lura da wannan tun kafin ya zaɓi kos saboda kuɗin mota, daga Rigasa zuwa Tudun Wada ba kamar daga Rigasa zuwa Barnawa ba ne.

Sani Kafe

Anti ni fom ɗin can na mutumin layinku nake so in yi magana a kai, dan aikina kenan kullum a shago nake cike wa yara rijista kuma na ga kuka iri-iri. Difloma kala biyu ce. Akwai ND wato ta ƙasa wadda hukumar NBTE mai kula da foli ta tantance kos ɗin kuma admishon ɗin ta hannun JAMB yake fitowa, akwai kuma difloma ta makaranta kawai wadda su suka tsara abinsu su suka buga satifiket ɗinsu. Ta biyun nan ba haram ba ce, wani ma'aikaci yana yin ta dan ƙarin ilimi, amma yaro ɗan shekara 19 in ya yi ta sai ya gama ya zo neman HND a ce masa ba a san zancen ba, shekara 2 da kuɗin adashinki sun tafi. Akwai wata yarinya da ta zo wajena da irin wannan takardar daga wata makaranta, muka duba muka duba sunanta babu a jerin ɗaliban JAMB, uwarta a nan bakin shagona ta zauna tana hawaye, ƙarshe sabuwar JAMB ta zana ta faro daga farko.

Saboda haka ki tambayi mutumin abu biyu kawai, kos ɗin nan NBTE ta amince da shi a wannan makarantar? kuma admishon ɗin zai fito a CAPS, wato shafin da JAMB ke ba da admishon ta cikinsa? In ya fara kame-kame ki mayar masa da fom ɗinsa. Ba ma sai kin wahala ba hedikwatar NBTE ta ƙasa baki ɗaya a nan Kaduna take kan titin Bida, kuma suna da jerin makarantu da kwasa-kwasan da suka tantance. A lura kos ake tantancewa ba makaranta kawai ba, makaranta tana iya zama da rijista amma wani kos ɗin nata bai samu ba.

Sannan abin da ke hana yara admishon ba tare da sun sani ba shi ne rashin ɗora sakamakon WAEC ko NECO a shafin JAMB. Da yawa suna cike JAMB lokacin suna jiran sakamako, in ya fito sai su manta ba su koma sun ɗora ba, yaro yana da maki mai kyau amma CAPS ba za ta bari a ba shi ba. Shi naku tunda guda biyu zai haɗa ya tabbatar duka biyun sun hau. Ya duba kuma sunansa da ranar haihuwa su zama iri ɗaya a NIN da JAMB da WAEC da NECO, in nan Muhammad can Mohammed to ya gyara tun yanzu. In admishon ya fito shi da kansa zai shiga CAPS ya karɓa ya buga takardar JAMB ɗin ya ajiye. Kuɗi kuma duk wanda za ki biya a makarantar tarayya ta Remita ne, a fitar da lambar RRR a biya a banki ko ta waya a riƙe risit, duk wanda ya ce ki tura asusunsa zai shigar da yaro ta bayan gida ki ce masa Allah ya ba da sa'a.

Malama Hadiza, Zariya

'Yar uwa sannu da ƙoƙari. Tunda kin tambayi kuɗi bari in ba ki abin da gwamnatin jiha ta sanar da bakinta. Kin san a 2021 an yi ƙarin kuɗin makarantar nan da ya sa yara da yawa suka ajiye karatu, to a watan Agustan 2023 Gwamna Uba Sani ya rage, Nuhu Bamalli daga N100,000 ta koma N50,000, Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya daga N75,000 ta koma N37,500, KASU wato jami'ar jiha daga N150,000 zuwa N105,000, kwalejin jinya ta jiha daga N100,000 zuwa N70,000, ta kiwon lafiya ta Shehu Idris da ke Maƙarfi HND ya koma N70,000. Wannan na 2023 ne fa, kafin ki ɗauki adashi ki sa a buɗe miki shafin makarantar ki ga na bana da na kos ɗin da ya zaɓa.

Amma ni a ganina kuɗin makaranta shi ne ƙaramin abu a lissafin. Sabon ɗalibi akwai fom ɗin tantancewa, akwai kuɗin karɓar admishon, gwajin asibiti, kuɗin sashe da na ƙungiyar ɗalibai, hoto da fotokwafi da fayil, sai handawut da ba ya ƙarewa, in ya zo ƙarshe kuma ga firojet. Mai karatun kwamfuta kuwa dole wata rana ya ce miki laftof, ko ta hannu ce. Duk wannan ma da sauƙi a kan ci da kwana. In kika turo shi nan Zariya Nuhu Bamalli, makarantar tana bakin hanyar Kaduna ne kafin a shigo gari, ko ya samu hostal ko ku kama masa ɗaki shi da abokai, ga garin kwaki da taliya da gas duk wata. Gidan Waya kuwa can kusa da Kafanchan ne, tafiya ce sosai daga Rigasa. Sai ki ga N37,500 ɗin da ta fi kowacce araha a takarda ta fi tsada a aljihu. Yaron da zai kwana a gida ya ci tuwon gida ya hau keke ya tafi lakca ya dawo, ko da kuɗin rijistarsa ya ɗan ɗara, kin fi samun sauƙi da shi, ga kuma idonki a kansa wanda da ma shi ne damuwar maigidanki.

Ni NCE ta kwalejin ilimi na yi kafin na ƙaro digiri dan haka ba zan kushe ta ba. Shekara 3 ce, babu shekarar IT, akwai koyarwar gwaji, kuma ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a ƙasar nan, da ita ma ana shiga aji 2 a jami'a ta DE. Akwai haɗin kwamfuta da lissafi ko kwamfuta da fiziks a kwalejojin ilimi. Sai dai mai NCE kaɗai ba ya zuwa bautar ƙasa, kuma dan Allah in yaro ba ya son alli kada a tura shi dan an rasa yadda za a yi da shi, mun ga abin da ya faru a jihar nan a 2017 da aka yi wa malaman firamare jarrabawa sama da 21,000 suka faɗi aka sallame su. Koyarwa tana son mai so.

Injiniya B.

Ni fa ban yarda a yi ta yabon foli ba a gaya wa baiwar Allah ɗaya ɓangaren ba. Bambancin HND da digiri yana nan daram. Majalisar tarayya ta zartar da ƙudurin soke shi a 2021 amma ba a sa masa hannu ya zama doka ba. A wasu ma'aikatun akwai matakin da mai HND ba ya wucewa, in zai yi mastas kuma yawancin jami'o'i sai ya fara yin PGD wato diflomar share fagen mastas, wata shekarar da wani kuɗin. Shekara 5 ka yi sannan wanda ya yi 4 ya zo ya zama ogan ka. Ni da ƙanina ne IJMB zan sa shi, shiri ne na ABU wajen shekara 1, in ya ci da kyau ya shiga aji 2 ba tare da ya sake zana UTME wato jarrabawar JAMB ba. Hajiya ki yi tunani a kai.

Abu Sadiq, Tudun Wada

Injiniya gaskiyarka a kan bambancin, ni ma ina cikin masu HND ɗin ai ba labari ake ba ni ba. Amma ka duba wa ke tambayar. Mai ɗinki ce tana jiran adashi. IJMB in ka ci ka more, in maki bai kai na kos ɗin da kake so ba fa? ka fito ba ka da wata takarda da za ka nemi aiki da ita, kuɗi sun tafi, kuma kwamfuta sayans a DE ma ba ƙaramin maki ake nema ba. Shi kuwa ND ko a nan ya tsaya yana da shaida a hannu, kuma ƙofar DE ɗin nan dai tana buɗe gare shi. Mai kuɗi shi ke caca da shekara.

Kuma a harkar kwamfuta wa ke tambayarka takarda kafin ya ga aikinka? Hajiya abin da ban faɗa ba ɗazu, a 2024 NBTE ta raba HND na kwamfuta sayans gida huɗu, akwai ƙirƙirarriyar basira wato AI, akwai tsaron intanet da kare bayanai, akwai haɗa manhaja da shafukan intanet, akwai kuma harkar netwok. ND ɗin dai yana nan a kwamfuta sayans, in ya zo HND ne zai zaɓi layi ɗaya cikin waɗanda makarantar take da su. Shekarar IT ɗin nan da ake rainawa a nan da yawa daga cikinmu muka koyi abin da muke ci da shi yau, ni a wajen wani mai haɗa sola na yi tawa, yanzu ma sola nake haɗawa ba aikin gwamnati ba. In ya samu wuri mai kyau ba inda za a riƙa aikensa sayen abinci ba, zai iya tara wani abu na rijistar HND da kansa ya sauke miki.

Abu ɗaya da zan ƙara, ya nemi karatun safe na cikakken lokaci. Akwai na yamma da na ƙarshen mako, sun fi sauƙin samu kuma sun fi tsada, an yi su ne dan ma'aikata, kuma wanda ya gama ta wannan layin takardar cire shi daga bautar ƙasa NYSC ke ba shi ba ya zuwa kam.

Maman Walid, Rigasa

Kai jama'a na gode ƙwarai Allah ya bar zumunci. Malam Sani na kira mutumin na yi masa tambayoyin nan biyu sai ya ce wai ana kan hanyar samun amincewar, na ce to in an samu ya dawo. Yaron na karanta masa maganar DE da ta Malam Abu Sadiq ya ɗan sauko, gobe in sha Allahu zai je ya canja zuwa Kadpoly. Injiniya na ji taka ma kuma ban raina ba, ƙarfin ne babu. Saura abu ɗaya, ana ta maganar bashin ɗalibai na gwamnati, 'yan foli suna samu? kuma babu ruwa a ciki? dan maigidana ba zai taɓa yarda da abin da ke da riba ba.

Malama Hadiza, Zariya

Suna samu, NELFUND ake ce masa, an fara shi a 2024 kuma ya haɗa jami'o'i da foli da kwalejojin ilimi na gwamnati, tarayya da jiha, ban da masu zaman kansu. Babu ruwa a ciki, abin da aka ranta shi za a biya. Kuɗin makaranta kai tsaye suke tura wa makarantar ba ya biyowa ta hannun yaro, sai kuma N20,000 duk wata na kashewa ga wanda ya nema, wannan asusunsa yake shiga. Biya kuma sai shekara 2 bayan gama bautar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin 100 na albashi. Amma sai ya zama ɗalibi tukuna, da lambar JAMB da takardar admishon da NIN da BVN, kuma sai makarantar ta tura sunansa, kin ga wannan ma wani dalilin ne na guje wa fom ɗin mutumin layinku.

Kada dai ki dogara da shi a rijistar farko, yakan ɗauki lokaci kafin ya fito kuma makaranta ba ta jira, ki riƙe adashin nan na kuɗin karɓar admishon da rijista da mota na watan farko. Ki lissafa ko N1,000 ce a rana kuɗin keke, kwana 5 a sati, N20,000 kenan a wata, wato na kashewar nan gaba ɗaya a mota zai tafi. Ya kuma je ya karɓo takardar shaidar ƙaramar hukuma tun yanzu, in ku 'yan Igabi ne sakatariyar tana Turunku, za a nema a wajen tantancewa kuma da ita zai cike tallafin hukumar sikolashif ta jiha in sun buɗe.

Sani Kafe

Anti goben in zai je canjin ya tafi da silif ɗin JAMB da sakamakon WAEC da na NECO duka, a ɗora su a zama ɗaya kada ya yi sawu biyu. Da kansa zai je dan sai an ɗauki yatsansa, kuma ya riƙe layin wayar da ya yi rijistar JAMB da shi, in a wayar wani abokinsa yake ya karɓo shi daren nan.